RA'AYINMU: Wa Zai Sa Wa Ƙirƙirarriyar Basira Linzami?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara domin a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Jama'ar Gusau da Tsafe da Bungudu ba su manta ba, domin a lokacin ne kowa ya gane cewa na'ura ba ta da alƙibla sai ta mai riƙe da ita. To yau ga wadda ta fi waya hatsari, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda ke kwaikwayon murya da fuska, ta sa malami faɗin abin da bai faɗa ba, ko ta ƙago kukan wanda aka sace don a tatsi danginsa.

Duniya ta fara nema mata linzami. A Nuwambar 2021 ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da ƙa'idojin ɗa'a a kanta. Kafin nan, a 2020, wata cibiyar Fadar Paparoma da kamfanonin Microsoft da IBM sun sa hannu kan wani kira irin wannan a birnin Rum. A 2023 malaman Yahudu da majalisar zaman lafiya ta Abu Dabi, ƙarƙashin Shaikh Abdullahi bin Bayyah, suka shiga, sannan mabiya addinan Gabas suka biyo baya a Hiroshima a 2024.

Wasu 'yan uwa na ganin zama da waɗanda ba Musulmi ba a kan haka sassauci ne. Ba mu tare da su. Manzon Allah (S.A.W.) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bin Jud'an, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma ya yabe shi bayan annabta. Imam Shaɗibi ma ya bayyana a Muwafaƙat cewa kowace al'umma na kiyaye addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Wannan shi ne ma'aunin da za mu kai wurin zaman, domin idan muka ƙaurace, masu kamfanoni ne za su yanke mana mene ne adalci.

Saboda haka wajibi ne malamanmu su san wannan fasaha kafin su yi fatawa a kanta, ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau su koye ta, kowa kuma ya bincika kafin ya yaɗa murya ko hoto, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarta.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.