Dokar Hular Kwano Ga Yara Masu Hawan Keke A Amurka

Yau maganarmu a kan wata doka ce ta ƙasar Amurka, wadda ta wajabta wa yaro sanya hular kwano in zai hau keke. Gwamnatin tarayyarsu ba ta kafa wannan doka ba. Ta bar wa jihohi da gundumomi da majalisun garuruwa, kowa ya yi yadda ya ga ya dace, kamar dai yadda En'e takan kafa odar kasuwa a zamanin da. Cikin jihohinsu 50, guda 21 ne tare da babban birnin Washinton suke da ita, kuma yara kaɗai ta shafa. Shekarun ma ba ɗaya ba ne. A Jihar Niyok wanda bai kai shekara 14 ba aka ɗora wa, a Kalifoniya kuwa wanda bai kai 18 ba.

Cikin waɗanda suka riga kowa akwai gundumar Howard ta Jihar Marilan. A 1990, bayan yara biyu sun rasu a hatsarin keke, majalisarta ta ce duk wanda bai kai shekara 16 ba sai ya sa hula. Masu bincike suka tsaya bakin hanya suna ƙirga. Kafin doka, yara 4 ne cikin 100 suke sawa, bayanta suka koma 47. Maƙwabciyarta, gundumar Montgomery, wadda a lokacin ta tsaya ga nasiha da jan kunne kawai, daga 8 ta tashi zuwa 19. Watau nasiha ta yi aiki, amma ba ta kamo ƙafar doka ba.

Hular kuwa ba ƙarfe ba ce, ko da yake sunan kwano ya bi ta. Cikinta farar kumfa ce mai tauri, irin wadda ake tallafe rediyo da ita a cikin kwali. In kai ya bugi ƙasa, kumfar ce take murƙushewa ta shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sabo da haka wadda ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a bayanta ba, kuma wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan riga mai ita faɗuwa. Wani bincike na likitocin Siyatil a 1989 ya ce tana rage raunin kai da kashi 85 cikin 100. An daɗe ana gardama a kan wannan adadi. A 2017 waɗansu masana biyu na Ostareliya suka tattara bincike 40 wuri guda, suka sami ragin ya kai wajen rabi, na mummunan rauni kuwa kashi 69. Rabin ma ba abin rainawa ba ne ga uban da ɗansa ya faɗi. Amma fa kada wani ya zaci za ta tsare yaro in babbar mota ta bi ta kansa.

To, in amfanin ya tabbata haka, me ya sa waɗansu garuruwa suka soke dokarsu? Nan ne gizo yake saƙa. Gundumar King ta kafa tata a 1993, aka shigar da birnin Siyatil cikinta a 2003, kuma ta haɗa yara da manya. Daga baya aka duba takardun tarar da 'yan sanda suka rubuta. Sai aka tarar baƙar fata ana cin su tara kusan ninki huɗu na farar fata, kuma kusan rabin takardun da aka bayar daga 2017 sun faɗa kan mutanen da ba su da wurin kwana. Wanda bai sami ɗaki ba, ina zai sami kuɗin hula, balle na tara? Doka ta zama hujjar tare wanda aka raina a hanya, masu hali kuwa suna wucewa kai ba hula ba mai ce musu uffan. A watan Fabrairu na 2022 hukumar lafiya ta gundumar ta soke ta ɗungum, aka kuma ware kuɗi don raba huluna kyauta.

A ganina sun gano cutar daidai, amma sun wuce gona da iri wajen magani, don sun zubar da ta yara tare da ta manya. Birnin Dalas ya fi su dabara. A 2014 ya ɗauke wa manya, ya bar ta a kan wanda bai kai shekara 18 ba. Baligi shi ya san abin da zai yi da kansa. Yaro kuwa amana ne a hannun wani, kuma wannan wanin ne ya kamata doka ta nema.

Haka Jihar Niyok ta tsara tata. Ɗan sanda ba ya rubuta wa yaro sammaci, sai uba ko waliyyi, shi ma sai in a gabansa aka yi laifin. Tarar ba ta wuce dala 50. In ya kawo shaidar ya sayi hula kafin ranar shari'a, a yafe masa, in kuma alƙali ya ga talauci ne ya hana shi saye, yana da ikon yafewa. Kalifoniya ita ma tun 2019 ta buɗe irin wannan ƙofa, tana yafe tararta ta dala 25 in aka nuna hula, yaron kuma ya halarci darasin kiyaye hanya cikin kwana 120. Mai irin wannan doka hula yake nema a kan yaro, bai damu da abin da zai shiga baitulmali ba.

Duk da haka ba ta rasa asara. Waɗansu masana tattalin arziki biyu na Amurka sun nuna a 2011 cewa dokokin jihohi sun rage mutuwar yara masu keke da wajen kashi 19 cikin 100, amma kuma yara masu hawa sun ragu da kashi 4 zuwa 5. Waɗansu iyaye da aka ce su sayi hula, keken suka jingine.

Mu ma nan mun ɗanɗani irin wannan, ko da yake a kan babur ne. A ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara kama 'yan acaɓa marasa hula. Kuɗin hula ya tashi a kasuwa, sai ga waɗansu a Kano da ƙwarya a ka, waɗansu da gwangwanin fenti, har labari ya kai kafofin labaran ƙasashen waje. An kafa doka kafin a tambayi ɗan kasuwa guda nawa ke cikin shagonsa, da nawa zai sayar. In wata rana wata majalisa tamu ta yi niyyar ɗora wa yaran da ke zuwa makaranta a keke, sai ta fara zama da masu shigo da kaya, a yanke farashi, a kuma hana shigo da ta gwanjo, don mai saye ba shi da hanyar sanin ko kumfarta ta riga ta murƙushe a kan wani yaro a can ƙasar da ta fito.