Wanda Ya Tsira a Ramin Akouta Kada Titin Akokan Ya Cinye Shi

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin Cominak ya daina haƙar yuraniyom a ramin Akouta, bayan ya fitar da tan kusan 75,000 tun daga 1978. Ma'aikata wajen 600 suka ajiye hular kwano, ban da ɗaruruwan da ke cin abinci a ƙarƙashin ƴan kwangila. Wasu sun tattara nasu-ya-nasu sun koma Tawa, Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Wasu kuwa sun yi zamansu, don a Akokan, garin ma'aikatan ramin, suka yi aure, a nan suka haifi ƴaƴansu, a nan suka binne abokan aikinsu. Su da waɗanda suka riga su yin ritaya, da matansu, su ne dattawan da ake gani yau suna takawa a hankali zuwa masallaci, kasuwa ko likita.

Mutanen nan sun san abin da ake kira kiyaye rai. Sun yi shekaru suna sauka mita 250 ƙarƙashin ƙasa, cikin hanyoyin da tsawonsu ya haura kilomita 200, inda ba a shiga sai da hula da fitila da takalmin aiki, inda direban inji ba ya motsawa sai ya tabbata babu mutum a gabansa ko bayansa. Ma'aikaci yana da ƙima a can, ko ba don komai ba don rauninsa asara ce da ake rubutawa a takarda. Yau mutumin nan ya kai shekara saba'in, gwiwa ta yi tsami, yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙarar injinan da ya sha ta rage masa ji, kuma babu mai lissafa shi a kan titi.

A tsaya bakin hanyar da ta haɗa Akokan da Arlit daf da magariba a gani. Rana ta yi ƙasa tana dukan idon direba, ƙura ta tashi ta tsaya a iska. Ga Hilux ta fito daga wuraren haƙar zinariya irin su Tchibarakaten, waɗanda suka cika yankin da motoci tun 2014. Ga kamiyo ɗauke da taliya da dabino daga ɓangaren Aljeriya, ga kabu-kabu, ga adaidaita, ga amalanken jaki. A gefe wani dattijo ne da rawani ya rufe masa kunnuwa, sanda a hannun dama, carbi a hagu. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya sa ƙafa ɗaya a kwalta, ya janye. Ya sake gwadawa. Yana tsakiyar hanya sai salula ta yi ƙara a aljihun rigarsa, kuma da yake tun safe yake jiran ɗansa ya kira ya ce ya turo kuɗin cefane ta Nita ko Amana, sai ya tsaya cak a inda yake, ya maƙale sandar a hammata, yana lalube.

Lissafin wannan tsayuwa ba shi da wuya. Masu tsara fitilun tsallaka hanya a ƙasashe da yawa suna ɗauka cewa mutum yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2012 ya gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka wuce shekara 65 ba sa kai wannan saurin. Kwalta mai faɗin mita 7, saurayi zai gama da ita a daƙiƙa 6. Tsohon da ke yin mita 0.8 a daƙiƙa sai ya kusa 9. A cikin daƙiƙa 9 ɗin nan, motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta ci mita 150. Wato motar da tsoho ya hango can nesa kamar ba ruwansa da ita, ita ce za ta iske shi kafin ya kai ɗaya gefen. Bai yi ganganci ba. Ƙafarsa ce ta daina bin umarnin idonsa, kuma wannan rana tana jiran duk wanda Allah ya ja kwanansa.

Saurayin da ke tafe kansa a sunkuye, abin sauraro toshe a kunne, yana kallon TikTok ko yana aika saƙon murya ta WhatsApp, nasa daban ne. Allah ya ba shi ido da kunne da ƙafa, ya jingine biyu da gangan. Kabu-kabu zai yi ta matsa oda bai ji ba, in an kauce masa da ƙyar ya ɗago yana harara. Dole a gaya masa gaskiya: ransa amana ce a hannunsa, kuma ɗan kabu-kabun da ya faɗi wajen kauce masa shi ma yana da uwa da ke jiransa.

Duniya ta gwada dabaru a kan irinsa. Birnin Augsburg na Jamus ya dasa fitilu a ƙasa a bakin layin taragu a 2016, don wanda ya sunkuya ya ga ja a gaban ƙafarsa. Honolulu ta Amurka ta fara cin tarar mai tsallaka titi yana kallon waya a watan Oktoba na 2017. Babu ɗayansu da ya dace da Akokan, garin da ke jiran wutar Sonichar daga Cirozerin, inda yashi zai binne fitilar ƙasa kafin mako ya zagayo. Kuma yawan zancen mai tafiya da waya yana sa a manta da wayar da ta fi kisa, wadda ke hannun mai tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari kusan sau huɗu. Wanda ke gudun kilomita 50 a awa, in ya sauke ido daƙiƙa biyu don ya ga wa ke kira, ya yi tafiyar mita 28 a makance. Kowa a Arlit ya san ɗan kabu-kabun da ke cusa salula cikin rawani, ya manna ta a kunne, yana ciniki yana gudu. Mai tafiya a ƙasa in ya shagala, kansa ya fi cuta. Mai riƙe da sitiyari in ya shagala, wani ne zai kwanta, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa rauni ne.

Alƙaluman hukumar na 2023 sun nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Ta kuma ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Shi ya sa taron ministocin duniya a Stockholm, a watan Fabrairu na 2020, ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Ga tsoho abin ya fi tsanani. Bugun da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, shi zai karya wa dattijo ƙugu, kuma daga Arlit zuwa Agadas tafiyar kilomita kusan 240 ce a kan hanyar da kowa ya san halinta.

Titunan Akokan sun taɓa samun masu kula. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta bi su da na'ura, ta tarar a wasu wurare tururin yuraniyom ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda duwatsun da aka kwaso daga ma'adinai aka yi ciko da su. Kafin nan ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka a kan irin wannan. Da surutu ya yi yawa, an zo an kwashe. Mutanen garin sun ga da idonsu cewa in aka dage titi yana gyaruwa. Haɗarin da ba a gani sai da na'ura ya sami masu magana. Wannan da ake gani kullum da ido, shi ne aka bar wa “tsautsayi ne” da “kwana ne ya ƙare”. Gaskiya ne babu mai wuce kwanansa, amma malamai ba su taɓa cewa ƙaddara tana wanke wanda ya yi sakaci da ran wani ba. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara.

Batun kuɗi ba hujja ba ce. A yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva mai haƙar yuraniyom ya yi alkawarin yuro miliyan 90, wajen sefa biliyan 59, don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa saboda motocin yuraniyom. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don ƙananan hukumomin yankin. Tun watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr hannun ƙasa. Abin da mai tafiya a ƙasa yake bukata bai kai ƙurar waɗannan kuɗi ba: tudun rage gudu da aka gina da ƙa'ida aka shafa masa fenti, ba tulin ƙasar da ke kayar da babur da dare ba, fitila mai aiki da hasken rana a inda jama'a ke tsallakawa, sai share gefen hanya daga yashi da teburan ƴan tireda, don kada a tura makaho da mai sanda cikin kwalta. Inda hanya ta yi faɗi, ɗan tsibirin siminti a tsakiya zai ba tsoho damar tsallakawa rabi, ya huta, ya ƙarasa.

Singafo tun 2009 take ba tsofaffi damar taɓa kati a jikin fitila don a ƙara musu lokacin tsallakawa. Akokan ba ta da irin wannan fitila, amma tana da fada a kowace kusurwa, samari zaune ana jiran shayi na biyu ya nuna. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye wayar minti ɗaya, ya miƙe ya ce, “Baba, kawo hannunka,” ya ɗaga wa mai mota ɗaya hannun. A da ba a sai an roƙi yaro wannan ba. Shugabannin ƴan kabu-kabu su ma suna da ikon da ɗan sanda ba shi da shi, don sun san kowane yaro da lambar babur ɗinsa. In suka yanke cewa wanda aka gani da waya a kunne zai kwana ɗaya bai ɗauki fasinja ba, za a ga canji. Limamai kuwa sun fi kowa sanin haƙƙin hanya a shari'a, kuma rabin sahun farko na masallatansu tsofaffin nan ne.

Ga ma'aikatar magajin garin Arlit, da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, da jandarmomi da ƴan sanda: a fara da ƙofar likita, bakin kasuwa, makarantu da manyan masallatai na Akokan. A sa tudu, a sa fitila, a rubuta 30 ɓaro-ɓaro, a tsayar da mai tabbatar da ita, kafin hazon hunturu mai zuwa ya sauka.