Tekun Da Ya Taɓa Kwanciya A Ƙasar Sakkwato

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan'uwa mazauna Ikko da Fatakwal, ku da kuke kallon teku kullum, ko kun san ruwan gishiri ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato? Wannan ba tatsuniya ba ce. Masana ilmin duwatsu sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 70 zuwa 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Hamada take yanzu, ya biyo ta Mali da Nijar, har ya iso Wurno da Dange.

Shaidar kuwa tana jikin tuddan yankin, inda ƙasa ta jeru hawa-hawa. A Taloka akwai lallausan yashi da taɓo irin na gaɓar teku. Bisansa, a Dukamaje, sai laka mai ɗauke da ƙasusuwan kifaye da kunkuru, alamar ruwa ya shigo sosai ke nan. A Wurno yashi ya sake dawowa, wato ruwan ya ja baya. Da ya komo, shi ne ya bar farin dutsen Kalambaina, wanda ke cike da kwanson ƙananan halittun teku. Da wannan dutse ake yin simintin Sakkwato tun 1967. Can sama kuma sai yashin Gwandu, wanda koguna suka zuba bayan tekun ya tafi, kuma a cikinsa ake samun ruwan rijiyoyin burtsatse.

To, ga abin da ke damuna. A 1972 masana daga Italiya suka raɗa wa wani ƙaton ƙadangaren teku suna Goronyosaurus, don a gundumar Goronyo aka tono shi. Ƙasusuwan suna birnin Florence. Waɗanda aka fara samu, aka yi bayaninsu a 1930, suna Landan. Yaron makaranta a Goronyo fa, ina zai je ya ga dabbar da ke amsa sunan garinsu? Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu dabara, domin a gidan tarihi na Yamai an keɓe rumfa inda kowa zai ga irin manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Agadas.

Dutsen Zuma da na Aso da muke tinƙaho da su a nan Abuja daga narkakken dutse suka samu, ba ƙashi ko ɗaya a cikinsu. Amma a nan Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Tarayya take, a nan kuma ake yanka kasafi. Ba na ƙin a yi siminti, ai da shi muke gini. Roƙona shi ne Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Sakkwato su killace ko da tudu biyu a Dukamaje da Taloka, su nemi kwafin ƙasusuwan nan daga Turai, a ajiye su a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku kuma ƙungiyoyinmu na Sabo da Agege, in kun rubuta wa wakilanku na Majalisa, ku sa wannan a ciki.