Rami Iri Ɗaya, Wuta Iri Biyu: Cajin Waya a Babbar Mota

  Batunmu na yau daga gida muka taho da shi, kuma da ɗan ɗacinsa.

Hutun da ya wuce mun yi shi a garinmu Kwandiko, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, daidai lokacin kaka, sa'ad da manyan motoci ke shigowa yankinmu lodin hatsi da riɗi. Muna da ƙane ɗan aji biyar na sakandare. Damina guda ya yi yana sunkuye a gayaunarsa, ya sayar da riɗin da ya samu, ya sayi waya wadda wani ya taɓa riƙewa, ya cika ta da tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB. Sai aka kwana uku babu wuta, shagon mai caji kuma ya cika maƙil, kowa na jiran layi. Ga wata tirela tsaye ana yi mata lodi, injinta na aiki. Yaron nan ya ruga ya aro cajar mota a wajen wani maƙwabcinmu mai ƙaramar mota, ya roƙi yaron motar, shi kuma ya ce masa bismillah. Ya soka caja a ramin nan na kunna sigari, ya jona waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ƙauri, sai ɗan hayaƙi. Da aka kai wayar wajen mai gyara a Birnin Kudu, ya ce wuta ta ci cikinta, kuɗin gyaran kuma ya kusa kamo kuɗin da aka saye ta.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, dalilin ƙonewar wayar yana rubuce cikin littafin Fiziks ɗinsa, a babin haɗa batura, babin da ya ce mana ya haddace.

Ga yadda abin yake. Ƙaramar mota batir ɗaya gare ta, mai ƙarfin bolt 12. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, shi ake rubutawa da harafin V a jikin caja da batir. Manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo kuwa injinsu ya yi nauyin da bolt 12 ba zai juya shi da sauƙi ba, don haka ake sa musu batir biyu a jere, a haɗa kan mai alamar tarawa na ɗaya da kan mai alamar ɗebewa na ɗayan. Malamin Fiziks ya gaya muku idan aka jera batura haka ƙarfinsu haɗuwa yake yi: 12 da 12, ya zama 24. Ba a nan ma ya tsaya ba. Idan inji na aiki, altaneta na cajin batir, kuma dole ta ba da ƙarfin da ya ɗara na batirin kafin wuta ta shiga cikinsa. Shi ya sa a ƙaramar mota za ka auna ka ga kusan bolt 14, a babbar mota kuwa kusan 28.

Ita waya fa? Bolt 5 take karɓa ta kebul ɗin USB na yau da kullum. Aikin wannan 'yar cajar da ake sokawa shi ne ta sauko da ƙarfin wutar mota zuwa 5. Cajar da ƙanenmu ya aro an ƙera ta ne don ta karɓi 12 ko 14, sai ga shi an ɗora mata 28, ninki biyu. Idan caja mai kirki ce, takan mutu ita kaɗai ta bar wayar da rai. Idan ta araha ce, abin da ke rage ƙarfin a cikinta na iya ƙonewa ya haɗe, wutar ta wuce yadda ta zo, kai tsaye cikin waya. Haka ta faru da namu.

Tarkon da ke ciki shi ne ramin iri ɗaya ne. Ido ba ya bambance na tasi da na tirela, kuma caja ɗaya za ta shiga duka biyun lafiya lau. Asali ma ba don caji aka yi ramin ba. Tun shekarun 1920 aka fara sa shi a motocin Amurka domin direba ya kunna taba: akwai ɗan ƙarfe naɗaɗɗe da ake dannawa ciki, ya yi ja, a ciro a kunna. Daga baya mutane suka ga ai ga wuta a kusa, suka riƙa jona duk abin da suka ga dama. Wannan ne ya sa har yau caja ba ta zama daram a cikinsa. A hanya mai gargada sai ta riƙa motsi, tana haɗuwa tana rabuwa, har bakinta ya yi zafi.

To me za ka yi idan ka tsinci kanka a gaban babbar mota, ko a kasuwar Sara, ko a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Birnin Kudu, wayarka kuma na kukan caji? Juya cajar ka nemi ɗan ƙaramin rubutun da ke jikinta, wanda kowa ke rainawa. Layin da aka rubuta Input shi ne abin da take iya karɓa. Idan ka ga 12V–24V, ta dace da kowace mota. Idan 12V kaɗai ka gani, ta ƙaramar mota ce. Idan babu rubutu sam, mu dai shawararmu kada ka jona mata wayar da kake ƙauna. Sannan ka duba murfin ramin, domin wasu manyan motocin suna da rami biyu, ɗaya an rubuta 24V, ɗaya 12V, wanda aka riga aka rage masa ƙarfi. In ba ka ga komai ba, buɗe baki ka tambaya: "Baba direba, don Allah wutar ramin nan sha biyu ce ko ashirin da huɗu?" Direban da ya daɗe a hanya ya san amsar, don galibi shi ma ya taɓa asarar caja.

A nan bari mu ɗan yi ratse. Mun ga masu dabara da ke jan waya daga batir ɗaya cikin biyun domin su samu bolt 12, su jona rediyo ko fanka. Yana aiki, ba mu musa ba. Amma batir ɗaya ke shan wahala, ɗayan na hutawa, altaneta kuma tana cajinsu tare kamar ba abin da ya bambanta su. Ƙarshenta ɗaya ya kasa cika, ɗaya caji ya yi masa yawa, su mutu tun kwanansu bai ƙare ba. Batirin tirela kuwa ba kuɗin wasa ba ne.

Sai batun yawan kayan da ramin zai ɗauka. Kun san lissafin nan: a ninka bolt da amfiya, a samu wat. Ramin ƙaramar mota yawanci fiyus mai amfiya 10 ko 15 ke tsaron sa. Mu ɗauki 10: 12 sau 10, wat 120 ke nan. Cajin waya na bolt 5 da amfiya 2 wat 10 ne kacal. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wat 45 zuwa 65, ita ma za ta shiga, muddin an samu cajar da aka yi don mota ko ƙaramar inbata wadda ta dace da ƙarfin ramin. Amma dutsen guga na wat 1,000 fa? Raba 1,000 da 12, za ka samu amfiya sama da 80, a wayar da aka shirya wa 10. Fiyus zai tsinke nan take, kuma aikinsa ke nan, ya mutu domin mota ta tsira.

Haɗarin yana zuwa ne bayan ya tsinke. Sai ka ga an ɗauko guntun wayar wuta ko takardar azurfa ta kwalin sigari an cusa a gurbinsa, a ce ai wuta ta dawo. Ta dawo kam, amma yanzu babu mai tsaro. Ranar da wani abu ya haɗe, ko tsabar kuɗi ta faɗa cikin ramin, wayoyin da ke bayan sitiyari ne za su yi zafi har robarsu ta narke, a motar da ke ɗauke da man dizal da buhunan abincin mutane. Fiyus ana canza shi ne da mai lamba irin tasa, in ya sake tsinkewa a nemi mai gyaran wutar mota.

Wasu direbobin sukan hana caji idan mota na kashe, wai za a shanye musu batir. Mu yi musu adalci, mu kuma yi wa lissafi adalci. Batirin waya mai 5,000mAh yana riƙe da wutar da ta kai wat 19 na awa guda. Batirin ƙaramar mota mai 60Ah yana riƙe da wajen 720, wato kusan ninki 38. Waya ɗaya ba za ta kashe shi ba, balle na tirela. Amma wayoyi shida da fanka da rediyo dare guda, a kan batirin da ya tsufa, suna iya sa a wayi gari ana turin mota. Don haka idan mai mota ya ce a'a, ba rowa ba ce lallai.

Abu biyu kuma da muke yi da kanmu: muna zare caja kafin direba ya murɗa makulli, saboda lokacin tayar da inji wuta takan yi ƙasa ta yi sama ba zato. Kuma ba ma ajiye waya a gaban gilashi tana caji cikin rana. Batirin waya ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, gaban mota kuwa a watan Afrilu a Jigawa ya wuce nan nesa ba kusa ba. In da hali, a caja fawa-banki a motar, sannan a caja waya da shi, ko da wani abu ya faru asarar ta zo da sauƙi.

Ƙanenmu dai ya koma aron wayar yayarmu da daddare, ya kuma ce bana gayauna biyu zai noma.

Ga aikin gida. Wata babbar mota ramin cajinta bolt 24 ne, fiyus ɗinsa amfiya 10. Wat nawa ramin zai iya ɗauka? Idan kowace waya na cin wat 15, wayoyi nawa za a iya jonawa kafin fiyus ya kai iyakarsa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.