Yadda gurbin albashi ya zama hajar ciniki a gasar NBA

Duk wanda ya saba da kasuwar ƴan wasan ƙwallon ƙafa a Turai ya san yadda ake yi: ƙungiya mai kuɗi ta zube miliyoyi, ta ɗauke ɗan wasan da take so. A gasar ƙwallon kwando ta NBA da ke Amurka abin ya sha bamban. Babu kuɗin sayen ɗan wasa irin na ƙwallon ƙafa, kuma tsabar kuɗin da ƙungiya za ta iya haɗawa a cikin musaya ba ya wuce ƴan miliyoyin daloli a shekara. Shi ya sa wani abu da ido ba ya gani ya zama haja mai tsada, wato sararin da ya rage tsakanin albashin da ƙungiya ke biya da iyakar da gasar ta ƙayyade.

NBA ta fara aiki da wannan iyaka ta zamani a kakar 1984-85, lokacin tana dala miliyan 3.6 ga kowace ƙungiya. A kakar 2025-26 ta kai kusan dala miliyan 154.6. Ana iya tsallake ta ta wasu hanyoyi, musamman wajen sabunta kwantiragin ɗan wasan gida, amma wanda ya yi nisa zai biya haraji mai nauyi. Muhimmin abin shi ne ƙa'idar musaya. Ƙungiyar da ta haura iyaka, idan za ta karɓi ɗan wasa, dole ta fitar da albashin da ya yi kusa da nasa. Wadda ke ƙasa da iyaka kuwa za ta iya karɓar kwantiragi ba tare da ta mayar da kwatankwacinsa ba. Kamar mai rumbu ne da babu komai a ciki, a lokacin da maƙwabta suka rasa inda za su zuba kaya. Zai iya cika shi da nasa hatsin, zai kuma iya ba da haya.

Kuɗin hayar kuwa ana biyan sa ne da matasan ƴan wasa ko da damar zaɓe a bikin ɗaukar sababbin ƴan wasa da ake yi duk shekara. A 2016, sabuwar yarjejeniyar talabijin ta sa iyakar ta yi tsalle daga dala miliyan 70 zuwa kusan miliyan 94 a lokaci guda. Golden State ta samu sararin ɗaukar Kevin Durant, wasu kuma suka yi ta rabon kuɗi ba lissafi. Los Angeles Lakers ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64 na shekara huɗu. Shekara ɗaya kacal bayan haka, domin ta rabu da wannan kaya, sai da ta haɗa wa Brooklyn Nets da D'Angelo Russell, matashin da ta zaɓa a matsayi na biyu a 2015. Russell ya shiga jerin taurarin gasar a 2019 yana Brooklyn. Ita ma Lakers ba ta faɗi ba, domin LeBron James ya zo a 2018, ta kuma ɗauki kofi a 2020.

A wannan shekara ta 2017, Toronto Raptors ƙarƙashin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ta tura DeMarre Carroll zuwa Brooklyn da ragowar kwantiragin kusan dala miliyan 30. Sai da ta ɗora damar zaɓe biyu a kai, ɗaya a zagayen farko, ɗaya a na biyu, kafin Brooklyn ta karɓa. Wannan ciniki ya nuna farashin gurbi a fili.

Ra'ayinmu shi ne, ga mafi yawan ƙungiyoyi, ba da hayar gurbi ya fi riba a kan ajiye shi ana jiran tauraro. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Miami ta yi sa'a a 2010, lokacin da ta share fili har LeBron da Chris Bosh suka haɗu da Dwyane Wade, amma ba kowa ke da sa'ar Miami ba. A farkon 2019 New York Knicks ta tura Kristaps Porzingis zuwa Dallas tare da wasu manyan kwantiragi, domin ta buɗe gurbin taurari biyu. Da kasuwa ta buɗe, Durant da Kyrie Irving suka zo birnin New York ɗin, amma Brooklyn suka zaɓa. Knicks ta rabu da matashin tauraronta, waɗanda ta yi wa shimfiɗa kuma ba su zo ba.

Ita kuwa Oklahoma City, wadda ta san manyan taurari ba su cika zaɓar garinta da kansu ba, sai ta mayar da karɓar kwantiragin da wasu ke gudu sana'a. A ƙarshen 2020 ta karɓi Al Horford daga Philadelphia tare da damar zaɓe a zagayen farko. A watan Yunin 2021 ta miƙa shi ga Boston, ta karɓi Kemba Walker da zaɓe na 16. Wato sau biyu aka biya ta a kan ɗan wasa guda. Ba wannan ne kaɗai ya kai ta ga kofin 2025 ba, domin cinikin Paul George na 2019 shi ya kawo mata Shai Gilgeous-Alexander. Amma tarin damar zaɓe ya ba ta ikon yin kuskure ba tare da ta durƙushe ba.

Yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar ƴan wasa a 2023 ta ƙara wa hajar daraja. An kafa wani shinge na biyu a saman layin haraji. Ƙungiyar da ta haura shi ba za ta haɗa albashin ƴan wasa biyu ta musanya da ɗaya ba, ba za ta tura tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma ana daskarar da damar zaɓenta ta shekara ta bakwai mai zuwa. Yanzu attajirin mai ƙungiya ba zai ce zai biya tara kawai ya wuce ba. Boston, wadda ta ɗauki kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Porzingis a 2025 domin ta sauko. A cinikin Porzingis, Brooklyn ta shiga a matsayin ta uku, ta karɓi kwantiragin Terance Mann, aka ba ta zaɓe na 22 a matsayin lada.

Sai dai akwai waɗanda ke biyan farashin da ba a rubuta shi a takarda. Na farko su ne magoya baya. Oklahoma City ta ci wasa 22 kacal a kakar 2020-21, ta ci 24 a wadda ta biyo baya, kuma mutane sun sayi tikiti da kuɗinsu sun kalli hakan. Na biyu su ne ƴan wasan da ake mayarwa lamba. An ajiye Horford a benci daga watan Maris na 2021 har ƙarshen kaka alhali lafiyarsa ƙalau. Andre Iguodala, wanda Golden State ta tura Memphis a 2019 haɗe da damar zaɓe, bai buga wa Memphis ko wasa ɗaya ba. Albashinsu yana shiga, gaskiya ne, amma shekarun ɗan wasa ƙidayayyu ne.

Gasar ta ɗan taka burki. Dole kowace ƙungiya ta kashe aƙalla kashi 90 cikin ɗari na iyakar albashi, kuma tun daga 2023 ana so ta kai wannan mataki kafin a fara kaka, in ba haka ba ta rasa kasonta na kuɗin harajin da ake rabawa. An kuma hana iyakar ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara, don kada abin da ya faru a 2016 ya maimaitu. Waɗannan matakai sun dace, kuma bai kamata a sassauta su ba.

Abin da ya rage yana hannun masu kallo. Idan shugaban ƙungiyar da kake goyon baya ya fito yana alfahari da cewa ya buɗe gurbin dala miliyan 40, bai ci komai ba tukuna. Tambayoyin da suka dace su ne: me ya bayar kafin ya buɗe shi, wa zai sayar wa, kuma kaka nawa za a yi ana shan kashi kafin a ga amfaninsa? Shugaban da ya kasa amsa su bayan shekara uku ko huɗu, mai ƙungiya kawai yake tara wa kuɗi, kuma magoya baya suna da haƙƙin su faɗa masa haka.