Faɗakarwa ga mai nufin ƙaura zuwa garin caca

 

Ku sani, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wata tambaya ta yawaita ga wannan ƙungiya tamu, har na ga ya kamata a amsa ta a fili. Saurayi shina zuwa shi ce an sama masa aiki a wani gari, na kusa ko na ƙetaren teku, garin da ba a noma cikinsa, ba a saƙa, ba a ƙira, abincinsa duka daga aljihun baƙi masu yawon buɗe ido da masu caca. Aikin kuwa gadi ne, ko wanki, ko tuƙi, ko ɗaukar kaya a masauki. Sai shi ce: Malam, ni ba caca za ni yi ba, shin zamana can ya halatta? Hukuncin caca kanta ƙaramin almajiri ya san shi tun daga Suratul Ma'ida, ba sai na tsawaita ba. Maganarmu yau a kan zama ce.

Kada kowa shi yi wa mai wannan tambaya dariya, domin mun san abin da ya kore shi. A shekarar 2010 gubar dalma ta wurin niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Bagega da Abare da Dareta da 'Yargalma da wasunsu. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba a ɗage hanin ba sai Disamba na 2024. Ɓarayin daji sunka raba manomi da gonarsa, har garin Anka ya cika da waɗanda sunka gudo daga ƙauyuka. A damanar 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi. Wanda waɗannan sunka taru bisa kansa, in ya ɗaura ƙunshinsa, neman halal ya fitar da shi, mu kuwa wajibinmu mu gaya masa abin da za shi taras.

Irin wannan gari ba baƙon abu ba ne gare mu. A shekarar 1420 ta Hijira, wato Oktoba na 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shelar shari'a a Gusau, aka soma aiki da ita a Janairu na 2000, jihohin maƙwabta sunka biyo baya. Aka rufe gidajen giya da na caca. To masu sana'ar ba su tuba duka ba, da yawansu iyaka sunka ƙetare, masu saye sunka bi su. Birnin Ƙonni, da ke fuskantar Illela, da Firji ta hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, sunka yi suna a waɗannan shekaru da baƙin dare daga Najeriya. Kuɗi ya shiga, masu ɗakin haya da masu tuwo da 'yan kabu-kabu sunka samu, wannan gaskiya ne. A Nuwamba na 2000 kuwa, lokacin da anka yi bikin nunin tufafi a Yamai, tarzoma ta tashi a Maraɗi, anka farfasa mashaya da rumfunan caca, anka auka wa gidajen mata masu zaman kansu, har da coci. Ni ban ga hisba cikin wannan ba, domin duka ya sauka bisa raunana, masu dukiyar da ke juya abin kuwa suna kwance cikin gidajensu. Na kawo labarin don ku ga cewa wanda ya tafi irin wannan wuri neman abinci, ranar da wuta ta tashi shi ne ke bakin ƙofa.

Amma in kuna son ku ga abin da girmansa, ku dubi Las Vegas ta ƙasar Amurka, uwar garuruwan caca. An kafa ta a 1905 zangon jirgin ƙasa cikin hamada, inda ruwan sama na shekara bai kai na mako guda mai kyau a Gummi cikin Agusta ba, ruwan shansu kusan duka daga kogin Kolorado ake jawo shi. A 1931 jihar Nebada ta halatta caca. Yau baƙin da ke shiga garin a shekara sun kai wajen miliyan 40. To da me anka gina waɗannan benaye da fitilu a inda ko gero ba shi fita? Ku da kunka karanta hisabi da rabon gado, ga lissafi. Suna da wani faifai mai juyawa, mai gurbi 38, ana jefa ɗan ƙwallo cikinsa. Wanda ya sa kuɗi ga gurbin da ƙwallon ya faɗa, a biya shi ninki 35, a mayar masa da nasa. To ka ɗauka mutum 38 kowa ya sa naira dubu, kowa da gurbinsa. An tara dubu 38. Guda ya ci, ya tashi da dubu 36. Dubu 2 fa? Sun zama na mai gida, a kowane juyi, dare da rana, wato sama da 5 cikin 100 na duk abin da anka aza. Mai gidan caca shi kaɗai ne cikin gidan wanda ba shi yin caca, awo shi ke yi da mudu mai huda zuwa buhunsa. Maisirin Larabawan jahiliyya ma bai kai nan ba. Su raƙumi sunka kan yanka, su jefa kibau 10, bakwai masu rabo, uku wofi, sau da yawa wanda ya ci shi ba matalauta naman, babu wani mai gida da ke yankar nasa a gefe, amma duk da haka anka haramta shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutane suna zaton baƙo shi ke cikin haɗari, mazauni ya tsira tun da aiki ya kai shi. Ni ina ganin akasin haka. Baƙo ya zo da guzurin da ya ware, ya yi kwana uku ko huɗu, ya ƙone shi, ya koma gidansa da gonarsa da mutanen da ke jin kunyarsu. Mazauni kuwa ƙofar nan ita ce hanyarsa safe da maraice, ranar albashi ma ta nan za shi bi. A Las Vegas akwai na'urorin caca tun daga filin jirgin sama har shagunan abinci da gidajen mai, kuma akwai gidajen caca da anka gina nesa da unguwar baƙi, musamman don ma'aikatan garin. Abin da ido ke gani kullum zuciya takan daina ƙyamarsa. Ga kaɗaici, ga aikin dare mai cinye asuba, ga gida ana aiko da saƙon buƙata, ga labarin wane da ya ci miliyan jiya, labarin dubun da sunka rasa kuwa ba mai ba da shi.

In kun ce wannan zato ne na malami, to ku dubi abin da masu garuruwan da kansu sunka hukunta bisa 'ya'yansu. A Monako, inda gidan cacar Monte Karlo ya shahara tun ƙarni na 19, doka ta hana ɗan ƙasa yin caca cikinsa. A Masar gidajen caca na masaukai ba su karɓar kowa sai mai fasfo na wata ƙasa. Kambodiya ta hana 'ya'yanta tun dokar 1996. Singafo ta aza wa ɗan ƙasa kuɗin shiga mai nauyi, baƙo kuwa shi shiga kyauta. A Makau ta ƙasar Sin, wadda kuɗin cacarta ya zarce na Las Vegas, tun ƙarshen 2019 an hana ma'aikatan gidajen caca shiga wurin wasa bayan sun tashi aiki, sai 'yan kwanakin sabuwar shekararsu. Waɗannan ba malamai sunka yi musu wa'azi ba, littafin lissafinsu sunka duba. Mai tuwon da ya hana ɗansa ci, kai baƙo me za ka ce da tuwon? Kai kuwa da ka ƙaura can, kana zaune zaman ɗan gari, amma katangar da anka yi wa ɗan gari sau da yawa ba ta kewaye ka ba.

Akwai guda wadda ta fi kama da mu. A Koriya ta Kudu gidan caca ɗaya tak anka yarda ɗan ƙasa shi shiga, an buɗe shi a shekarar 2000 cikin duwatsun da ramukan kwal sunka mutu, wai don a rayar da mutanen wurin. Abin da ya tsiro kewaye da shi shagunan jingina ne, inda ake ajiye mota da agogo. Wanda ya taɓa kwana a sansanin masu haƙar zinariya ya ga ƙaramin wannan, inda kuɗin da anka sha ƙura wata guda kafin a same shi ke ƙarewa bisa tabarmar karta kafin a kira assalatu.

Sa'an nan arzikin irin wannan gari igiyarsa tana hannun wani. A Maris na 2020, da annobar korona ta zo, anka rufe gidajen cacar Las Vegas har farkon Yuni, wajen mutum 3 cikin 10 na ma'aikata sunka rasa aiki. Mu ma mun ga yadda garuruwan iyaka sunka yi tsit da anka rufe ta a Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Manomi in kasuwa ta mutu shina da rumbu. Mai ɗaukar jakar baƙo, in baƙo bai zo ba, sai kuɗin haya ke jiransa.

In ka ce: to Malam, ka haramta ƙasar Allah ke nan? Sai in ce a'a. Cikin Las Vegas kanta akwai masallatai da Musulmi masu aikin asibiti da koyarwa da kasuwanci, suna renon 'ya'yansu, ban kuwa isa in ce abincinsu haram ne ba. Abin dubawa shi ne aikin da kansa. Wanda ke raba karta, ko juya faifai, ko ƙirga kuɗin tebur, ko jawo mutane zuwa ciki, ko ba mai wasa rance, wannan hannu ne cikin abin, babu shakka ga haninsa. Mai gini a gari, ko direba, ko mai sayar da nama, aikinsa halal ne ga asalinsa ko da wasu masu sayensa 'yan caca ne. Tsakaninsu akwai shubuha, kamar mai gadin ƙofar gidan cacar ko mai sharar ɗakinta, wanda albashinsa ke fitowa kai tsaye daga waccan dubu 2. Shi nake ce wa: in lalura ta sa ka, to lalura da gwargwadonta ake auna ta, ka shiga kana neman mafita tun ranar farko, kada ka kai iyalinka, kada kuma ka kira ƙanenka.

Wata fitina ta fi wannan muni, ita ce ta dillalan aiki. Sihanukbil, garin bakin teku a Kambodiya, ya cika da gidajen caca cikin 'yan shekaru, da anka hana cacar intanet a 2019 masu kuɗi sunka watse sunka bar benaye ba rufi. Cikin irin waɗannan gine-gine anka riƙa tsare baƙin da anka yaudara da alkawarin aiki, a karɓe fasfonsu, a tilasta su damfarar mutane ta waya. A Agusta na 2023 ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta su wajen 100,000 a Kambodiya kaɗai, akwai kuwa 'yan Afirka cikin waɗanda abin ya ci. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga aiki a ƙetare, babu gwaji, albashi mai yawa, shi zai biya jirgi ka biya daga baya, ka tambaye shi sunan garin da sunan gidan da irin aikin a rubuce, ka kai takardar ga mai karatun boko amintacce shi karanta maka gaban mahaifinka. In ya ƙi bayarwa, ya amsa maka.

Mu malamai kuma da saura gare mu. Kakanninmu fatake ba su sauka gari sai sun san maigidansu da zangonsu da limaminsu, tun daga Salaga har Kumasi. Ina roƙon kowane malami da almajirinsa zai tafi, shi rubuta masa wasiƙa zuwa ga wani mutumin kirki na can kafin shi ba shi izini, shi sa masa sharaɗin aiko da abin da ya samu gida wata-wata, kada kuɗi shi kwana aljihunsa, shi kuma yanka masa lokacin komowa kamar yadda ɗan ci-rani ke komowa da faɗuwar ruwa. Wanda bai san kowa a garin ba, shi aiko mana da sunan garin ta hannun mai raba wannan takarda, mu tambaya masa cikin 'yan'uwa kafin shi sayar da akuyar uwarsa don kuɗin mota.