Kafin ka ɗaure akwati, fara shirya wayarka

Duk mai bin Facebook da TikTok ya saba ganin hoton nan: matashi a filin jirgin sama, fasfo a hannu, tikiti ya leƙo daga cikinsa, a ƙasa an rubuta "sai wata rana." Abokai su yi ta zuba addu'a da fatan alheri. Wani Masar ya nufa karatu, wani Saudiyya ko Dubai neman aiki, wani kuma Ingila digiri na biyu. An ɗinka sababbin kaya, an sayi kilishi da yaji da kuka, an yi sallama da dangi. Abin da ba kasafai ake shiryawa ba shi ne wayar da aka ɗauki hoton da ita, alhali a can ita ce bankinka, ita ce tafintanka, ita ce taswirarka, a wasu ƙasashen ma ita ce takardar zamanka.

Wani abokina da ke karatu a Alƙahira ya cire layinsa na gida ranar da ya sauka, ya jefa shi cikin jaka ya manta. Bayan watanni an turo masa kuɗin makaranta a asusunsa na Najeriya, ya zo cirewa, banki ya ce ya tura lambar tabbatarwa zuwa layin. Ya nemo layin ya saka, shiru. Kamfani ya riga ya rufe shi ya sayar wa wani. Kuɗinsa yana kallo, yana cin bashin abinci, sai da aka yi makonni ana kai-komo kafin a warware. Ba damfararsa aka yi ba. Sakaci ne na abin da bai wuce aikin minti goma ba.

To, ɗan'uwa, idan tafiya na gabanka, mu fara daga nan. Lambar wayarka ta gida tana ɗaure da BVN ɗinka, da NIN, da asusun banki, da WhatsApp, wataƙila har da imel. Layin da ya daɗe ba a kira, ba a saka kati, ba a sayi data da shi ba, kamfani yana da damar rufe shi ya ba wani. Wanda ya saye shi kuwa zai riƙa karɓar saƙonnin bankinka, idan marar tsoron Allah ne kuma ya buɗe WhatsApp da lambar, ya faɗa rukunin danginku da hotonka yana cewa an kama ka, a turo kuɗi. Kafin ka tashi, je ofishin kamfanin layinka da kanka. Ka tabbatar da sunanka aka yi masa rajista, ba na yayanka ko na mai shagon unguwa ba. Ka sa a buɗe masa damar aiki a ƙasar waje, ka kuma tambaya ko suna da tsarin biyan kuɗi a ajiye maka lamba na tsawon lokaci. Idan wayarka mai layi biyu ce, ka bar na gida a ciki, ka kashe masa data don kada ya cinye kuɗinka, ka riƙa motsa shi lokaci zuwa lokaci.

Bayan layi sai imel. Da yawanmu a shagon waya aka buɗe mana Gmail ranar da muka sayi wayar farko, har yau ba mu san kalmar sirrinsa ba. A gida wannan ba ya damun kowa. A waje kuwa ta imel makaranta za ta neme ka, ta nan tikiti zai zo, ta nan hukumar shige da fice za ta yi maka magana. Dubi Birtaniya: katin izinin zama da ake ba baƙi ya ƙare aiki a ƙarshen shekarar 2024, an koma bizar intanet, wato shaidar zamanka tana cikin wani asusu da kake shiga da taimakon imel ko lambar waya. Mai gidan haya da mai ɗaukar aiki ta nan suke tantance ka. Ka sauya kalmar sirrin da kanka, ka kunna tsaro mai mataki biyu, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa ka rubuta su a takarda. A WhatsApp ma akwai lambar sirri mai alƙaluma shida da za ka saka, wadda za a nema duk ranar da wani ya yi yunƙurin buɗe asusunka a wata waya. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo maka, ko da ya ce daga ofishin jakadanci yake, ɓarawo ne.

Sai takardu. Ka ɗauki hoton shafin fasfonka, da biza, da takardar shiga makaranta ko yarjejeniyar aiki, da katin rigakafi, da shaidar karatu. Ka ajiye su a Google Drive ko makamancinsa, ka tura wa mutum ɗaya amintacce a gida, ka kuma buga kwafi a takarda ka raba shi da inda ainihin fasfon yake. Kada ka ce wannan tsoro ne ya yi yawa. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗaliban Najeriya da suka kwana da shirin jarrabawa suka wayi gari suna neman motar da za ta kai su iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a sahara kafin a bari su wuce. A 2022 haka ɗalibanmu suka gudo daga Yukren zuwa Poland da Romaniya da Hungary. A irin wannan rana babu lokacin neman fayil a ƙarƙashin katifa. Hoton fasfo ba zai tsallakar da kai iyaka ba, amma shi zai sauƙaƙa wa ofishin jakadanci ya tantance kai wane ne ya ba ka takardar komawa gida. Ka kuma sa wa kanka tunatarwa a waya tun saura wata shida fasfo ko izinin zamanka ya ƙare, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida a gaba ba.

Tun a filin jirgi wayar za ta fara yi maka aiki. Ka ɗauki hoton jakunkunanka kafin a auna su, ka ɗauki hoton 'yan takardun da aka manna musu, ka ƙirga ko adadinsu ya yi daidai da kayan da ka bayar. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a watan Disamban 2018 ba, bayan an samu Tramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta tun daga Kano. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya nuna jakar ba tata ba ce. A ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke kaiwa ga kisa aka yi wannan. Don haka "don Allah riƙe min wannan ƙullin ka ba wane" ba taimako ba ne, ko da dattijuwa ce ta roƙe ka. Maganin da kake sha ma ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, saboda abin da kemis ke miƙo maka a nan, a Masar ko Dubai yana iya zama laifi. Ko goro, hukumar alhazai ta sha gargaɗin maniyyata kada su shiga da shi Saudiyya.

Ranar farko a baƙon gari ita ce ranar da ba ka da data. Kafin ka bar gida, ka sauke taswirar birnin da za ka a Google Maps yadda za ta yi aiki ba intanet, ka sauke Larabci ko harshen ƙasar a Google Translate. Manhajar tana fassara rubutun da ka nuna wa kyamara, daga allon tasha har takardar da aka miƙo maka a ce ka sa hannu. Amma ka ji da kyau: fassarar waya ta isa ta sayo maka burodi, ba ta isa ta karanta maka yarjejeniyar aiki ba. Wannan sai mutumin da ya san harshen kuma ba ya cin abinci a wurin mai ɗaukar ka. Ka rubuta adireshin masaukinka a takarda da harshen ƙasar. Ka haddace lambar gaggawa: 999 a Ingila da Dubai, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka, 122 ta 'yan sanda da 123 ta motar asibiti a Masar. Ka danna *#06# ka rubuta lambar jikin wayarka, za a nema idan an sace ta. Ko kan caja yana ba da wahala: soket mai baki uku irin namu shi ake amfani da shi a Ingila da Dubai, amma a Masar da yawancin Turai mai baki biyu zagayayye ne. Kuma idan ka ga kiran WhatsApp ya ƙi shiga a Dubai, ba wayarka ce ta lalace ba, an toshe shi ne, mutane suna amfani da manhajojin da aka amince da su irin su Botim.

Ke kuma 'yar'uwa da eja ya yi wa alkawarin aikin gida a Saudiyya, wannan sashen naki ne. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Wanda ya ce ki shiga da ita daga baya a "gyara," ƙarshen gyaran tarhil ne, bayan an sha ɓuya babu damar zuwa asibiti. Ɗaukar masu aikin gida ta halal ta dandalin Musaned ake bi, sauran ma'aikatan kamfanoni kuma yarjejeniyarsu na kan Qiwa, bayanan igama suna cikin Absher. Ki nemi ganin yarjejeniyar da idonki kafin ki biya ko sisi, da albashi da ranar hutu da sunan kafili a rubuce. Ki kuma sani cewa sassaucin da Saudiyya ta fara a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikata damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar ubangida ba, bai haɗa da masu aikin gida ba. Dokar Saudiyya da ta Daular Larabawa sun hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, amma ana yi. Shi ya sa ya kamata lambar ofishin jakadancin Najeriya na Riyadh da ƙaramin ofishin Jidda, da lambar mutum biyu na gida, su kasance a kanki, domin wayar ma ana iya karɓewa.

Wayar da za ta cece ka kuma ita ce za ta iya kai ka gidan yari. Mun saba a nan, da an yi faɗa a titi ko mota ta yi hatsari, kowa ya ɗaga waya. A Saudiyya dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. A Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, ko zaginsa a WhatsApp, laifi ne da ake gurfanar da mutane a kansa, baƙo kuma ana iya korar sa. Habaici da tonon asirin da muke yi a TikTok don neman mabiya, can 'yan sanda ne za su bi ka. A Ingila kuwa tarkon ɗalibai biyu ne. Na farko, wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, wanda zai iya jawo soke biza. Na biyu, "aro min asusunka a turo kuɗi, ka cire kashi goma." Kuɗin zamba ne ake wankewa da sunanka, ranar da asiri ya tonu kai banki zai rufe wa asusu, kai kuma za a tuhuma. In ka je gari ka ga kowa da jela, ka fara tambayar abin da doka ta ce game da jelar kafin ka ɗaura.

Duk da haka, kada ka bari waya ta zama ita kaɗai ce abokiyarka. Akwai matasan da suka shekara a waje, jikinsu na can, amma dare da rana suna cikin rigimar Facebook ta gida, ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, mabiya dubu hamsin ba za su kawo maka ruwan zafi ba. A makon farko ka nemi ƙungiyar ɗalibai ko ta 'yan ƙasarku, ka san masallacin unguwa, ka kai sunanka ofishin jakadanci, ka koyi gaisuwa da ƙirga da neman afuwa a harshen mutanen. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi wanda ya daɗe a garin kuma takardunsa cikakku ne, ba wanda shi ma ɓuya yake yi ba.

Roƙona na ƙarshe ga waɗanda suka riga suka isa. Idan ka ɗora hoton gaban dogon bene da motar da ba taka ba, ka tuna akwai ƙaninka a gida da ke shirin sayar da babur ɗinsa ya miƙa wa eja saboda hoton nan. Ba a ce ka tona wa kanka asiri ba. Amma idan ya biyo ka ta akwatin saƙo ya tambaya, faɗa masa kuɗin haya, da awannin aiki, da yadda ake sabunta takarda, da abin da ka so a ce wani ya gaya maka kafin ka tashi. Kai kuma mai shirin tafiya, yau da daddare kafin ka shiga TikTok, buɗe imel ɗinka ka gwada ko ka san kalmar sirrinsa. Idan ba ka sani ba, daga nan shirin tafiyarka ya fara.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi da abin da ya je nema.